Wuƙar Maiwada

Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa jan akuya da hannuna zuwa gidan wani ba sai bana, da tsufana, ga ciwon gwiwa, ga rafi ya kawo. Duk wanda ya gan ni ran nan a kan hanyar Unguwar Dogo ya ɗauka Ladidi ta taɓu. To, lafiyata ƙalau. Ƙanena na je nema, kuma na ƙudura a raina ba zan juyo ba sai ya ce zai sake cin abincin gidana.

Bari in faro daga tushe, kada a ce tsohuwa ta tsinko zance daga tsakiya.

Mu biyu muka rage cikin 'ya'yan babanmu, ni da Maiwada. Babanmu Bamaguje ne, manomi, a wani ɗan ƙauye kusa da Kafur, kuma cikin tsoro muka tashi, ba na ɓoyewa. Akwai tsamiya bayan rumbunanmu wadda ba a zuwa gindinta sai da baƙar kaza. Akwai ranar da ba a shiga gona, akwai rijiyar da mace ba ta leƙawa. Kan gidanmu kuwa damo ne. Ba a kashe shi, ba a cin namansa, in ya shigo tsakar gida sai a kauce a ba shi hanya kamar wani suruki. An ce duk wanda ya ci, jikinsa zai kumbura, fatarsa ta yi kaushi irin ta damon, kuma ba zai ga faɗuwar rana ba.

Ina budurwa na karɓi Yesu, aka yi mini baftisma a rafi. Maiwada kuma bayan ya yi aure ya musulunta, aka sa masa Muhammad Sani. Kowa Malam Sani yake ce masa, amma ni da na goya shi Maiwada na sani, Maiwada kuma zan kira shi har kabari. Gidansa da gonarsa suna hayin rafi, nawa suna nan gefen. Bai taɓa ce mini in bar coci ba, ban taɓa ce masa ya bar masallaci ba, ko da yake ina yi masa addu'a kullum, na kuma tabbata shi ma yana yi mini tasa.

Abin da ya riƙe zumuncinmu wuƙa ce. A wajenmu nan Musulmi ba ya cin naman da Kirista ya yanka, kowa ya san haka. Don haka duk Kirsimeti, duk suna, duk biki, tun mijina yana da rai, Maiwada ne ke yi mana yanka. Zai zo da hantsi da wuƙarsa naɗe cikin tsumma, ya juya dabbar gabas, ya yi bisimilla, ya yanka. Daga nan ya wanke hannu ya zauna kan tabarma a ƙofar ɗakina, in zuba masa romo, ya kurɓa ya ce gishiri ya yi yawa. Kullum sai ya ce gishiri ya yi yawa, kuma kullum sai ya suɗe kwanon. Sauran naman a rarraba wa maƙwabta, Musulmi da Kirista, ba mai tambayar wa ya yanka.

Ana nan sai ga autana Istifanus ya dawo daga Kaduna, inda ya yi shekaru yana gyaran babur. Ya dawo noma, ya zo da matarsa Yetunde, 'yar Baba Adewale mai shagon kayan babur a Funtua. Haifaffiyar Funtua ce, Hausar bakinta ta fi tawa daɗi. Yarinyar ba ni da abin cewa a kanta. Shi ne dai ya dawo da zafi. Ban ga laifinsa duka ba, don ya ga abin da ya gani a birni. An hana shi hayar ɗaki saboda sunansa, an kira shi arne a gaban matarsa, kuma abin ya zauna masa a ƙirji. Ya riƙe ibada sosai, yana jagorantar matasan coci, kalmar da ba ta barin bakinsa kuwa ita ce 'yanci.

Kirsimetin bara ina bayan ɗaki ina jajjagen tattasai sai na ji kukan bunsuru ya yanke. Na fito da gudu, hannuna duk yaji. Ga bunsuru kwance, ga jini, ga Istifanus tsaye da wuƙar girkina.

Na ce, "Kai! Me ka yi haka?"

Ya ce, "Mama, bunsurunmu na yanka cikin sunan Yesu. Almasihu ya 'yantar da mu. Ba za mu zauna jiran wani ya zo ya halatta mana abincinmu ba."

Ban kai ga ba shi amsa ba sai ga sallama. Maiwada ne, da farar rigarsa ta zuwa Juma'a, da ɗan ƙunshin tsumma a hannu. Ya dubi bunsurun, ya dubi yaron, ya dubi ƙunshin. A hankali ya zura shi cikin aljihu.

Ya ce, "Ashe an hutar da ni. Barka da Kirsimeti, Yaya."

Na shimfiɗa tabarma, bai zauna ba. Na kawo ruwa, ya kurɓa a tsaye, ya ce yana da uzuri a garin Ƙarfi, ya juya ya fita. Ba na rantsuwa, amma ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ran nan ba. Naman nan ko tsoka ɗaya ban kai bakina ba.

Washegari na bi shi gida na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Irin ba komai ɗin nan da ake faɗa ana kallon ƙasa. Tun daga ranar bai sake taka ƙofata ba. In na aika da ɗanyar kuɓewa ko masara ya karɓa ya yi godiya. In na aika da dafaffe, ko waina ce da ba ruwanta da nama, sai matarsa Kulu ta ce ya ƙoshi. Da Babbar Salla ya aiko da nama a hannun Kulu, shi bai zo ba. In mun haɗu a kasuwar Kafur sai mu gaisa kamar mutanen da suka taɓa haɗuwa a mota. Ɗan'uwa ɗaya tak da ya rage mini a duniya, ga shi mun tsufa dukanmu, ina ji ina gani yana zame mini.

Da damina ta yi nisa, masara ta fara nuna, Yetunde ta haifi ɗa namiji. Murna ba a magana. Istifanus ya je kasuwar Malumfashi ya sayo rago mai ƙaho a murɗe, ya ɗaure a gindin darbejiya. Na ce a raina, yauwa, ga ƙofar gyara ta buɗe. Na same shi yana ba ragon dusa, na ce ya tafi da kansa ya gaya wa kawunsa ranar suna, ya roƙe shi ya zo da wuƙarsa.

Ya ce, "Zan je in gayyace shi, Mama, kawuna ne. Amma ragon ɗana ni zan yanka."

"In ka yanka ai ba zai ci ba."

"Wannan dokarsa ce, ba tawa ba. Sun ce yankanmu mushe ne. Kullum mu ne masu lanƙwasawa, kullum mu ne masu miƙa wuya. Yaushe suka taɓa cewa mu zo mu yanka musu? Wannan bauta ce, Mama, tsoro ne kawai aka sa masa suna zumunci."

Tsoro! Ni Ladidi yaron nan yake gaya wa tsoro! Raina ya ɓaci, na ajiye ƙwaryar da ke hannuna.

Na ce, "Kai, ka san tsoro kuwa? Zauna in gaya maka. Makon da aka yi mini baftisma, mutanen gidanmu suka ce ƙarya nake, wai har yanzu damo ne ke riƙe da raina. Na sa wani maharbi ya kamo mini damo, na dafa shi a ƙofar gidan babana da rana tsaka, na zauna na ci, mutane sun kewaye ni suna jiran in kumbura. Uwata tana birgima tana kuka. Rana ta faɗi, ina zaune ina sakace haƙori. Tun daga ranar ban sake kauce wa wani abu don tsoro ba. Sai kai, da aka haife ka jiya, za ka koya mini 'yanci?"

Na ɗauka na gama da shi. Ina! Sai idonsa ya ƙara haske.

Ya ce, "To kin gani! Ran nan ba ki tambayi ran wa zai ɓaci ba. Kin ci abinki don kin san an 'yantar da ke. Me ya same ki yanzu?"

Ka ji ɗan banzan wayo, da sandata ya buge ni. Sai na koma wa abin da uwa ke komawa in ta rasa hujja. Na ce gidana ne, ni na haife shi, in har ya sa wa ragon nan wuƙa to kada ya ƙara kira na Mama. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki fartanya ya fita gona.

Na shiga ɗakin maijego ina huci, na kama haɗa mata kunun kanwa ina buga ludayi kamar shi ya yi mini laifi. Yetunde tana shayar da jaririn, ta ji komai.

Ta ce, "Mama, in yi magana?"

"Yi. Yau kowa malami ne a gidan nan."

Ta yi murmushi ta ce, "A gidanmu na Funtua, ƙanen babana Musulmi ne, Alhaji ne ma, kuma shi ke yi mana yanka har gobe. Ina tare da ke. Amma in Baban Bebi ya miƙa wuƙar don tsoron bakinki, me ya raba shi da mai kauce wa damo? Ya zama wani kan gidan ke nan, sai dai wannan ke kika kafa shi."

Tabɗi! Na tsaya da ludayi a hannu. Na so in ce mata ta yi mini rashin kunya, amma gaskiya ta faɗa, kuma ta shige ni. Ni da na ci damo don kada wani ya ɗaure ni, ga ni ina tufka wa ɗana igiya. Na miƙa mata kunun, na fito na zauna bakin murhu na yi addu'a, irin wadda ba ta da tsari. Na ce, Ubangiji, ka kwance ni tun ina yarinya, to me zan yi da hannuwan nan da ka kwance?

Da Istifanus ya dawo daga gona na kira shi. Na ce, "Na janye maganata. Ragonka ne, ɗanka ne, hannunka ne. Yanka abinka, ni ce zan fara cewa amin. Amma ka saurara. Ran da na ci damo, na nuna ba wanda ya mallake ni sai Yesu. Wannan na gama nuna shi tun kafin a haife ka, ba sai na maimaita shi duk Kirsimeti ba. Yankan nan ba ƙwace shi kawunka ya yi ba, ni na miƙa masa, don haƙƙina ne, ina da ikon yanka, ina da ikon bari. Ubangijinmu ma ba wanda ya tilasta shi ya durƙusa ya wanke ƙafar kowa. In 'yancina bai kai in ajiye haƙƙina don ɗan'uwana ya ci abinci a gidana ba, to me aka 'yantar da ni in yi? In zauna ni kaɗai da tukunyar nama?"

Ban jira amsarsa ba. Na nufi turke na kwance jar akuyata, mai taurin kai kamar mai ita.

Ya ce, "Mama, ina za ki da ita? Rafi ya kawo fa."

Na ce, "Wannan tawa ce, ba da kai nake ba."

Dabarar da na yi ke nan. In na je da baki kawai, Maiwada zai ce ba komai, in dawo yadda na je. Amma akuya ba a ce mata ba komai. Zan ɗaure masa ita a gida, ko dai ya kawo ta ranar suna ya yanka, ko ta zauna tana cinye masa harawa tana kuka tana tuna masa da ni.

Tafiyar nan na sha wuya. Akuya ta turje, na ja, ta shiga waken suyar mutane, na janyo ta, gwiwata tana ƙara. A bakin rafi na tattare zane, ruwa ya kai mini cinya, na rungumi akuyar a wuya muka haye muna zagin juna. Wasu masu cire ciyawa suka ce, "Baba Ladidi, lafiya?" Na ce lafiya lau, su ci gaba da aikinsu.

Da na hau tudu na tsaya in huta, sai rabin labarin damon nan ya dawo mini, rabin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ran nan da nake ci, kowa ya ja da baya, har uwata. Mutum ɗaya ne ya ratso taron ya zauna kusa da ni, Maiwada. Lokacin bai san Yesu ba, bai san salla ba, ya yarda ɗari bisa ɗari cewa mutuwa zan yi. Duk da haka ya sa hannu cikin kaskon ya ɗauki tsoka ya haɗiye. Na ce, kai, me ka yi? Ya ce, "In za ki mutu, Yaya, ba za ki tafi ke kaɗai ba." Ni na ci ne don na san ba abin da zai same ni. Shi ya ci yana tsammanin mutuwa. Ranar da na fara ɗanɗana 'yancina, da shi muka ci kwano ɗaya, sai yanzu a ce 'yancin nan ne zai hana shi cin abincina? Na share ido, na ja akuya muka ci gaba.

Na same shi zaune a inuwar zaure, hannuwansa cikin riga. Kulu ta fito tana salati ganin yadda na jiƙe. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba, na ɗaure akuyar a turken jakinsa na zauna ƙasa.

Na ce, "An yi mini jika. Jibi suna. Yaron zai yanka ragonsa da hannunsa, ban hana shi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wannan kuwa tawa ce, tukunyarta daban, kuma ba mai sa mata wuƙa sai kai."

Ya dubi akuyar. Sannan ya ce, "Ba zan iya ba, Yaya."

Zuciyata ta tafasa. Na ce, "Haba Maiwada! Fushin ya isa haka. Yaro ya yi kuskure, na ba ka haƙuri, na ratso rafi da tsufana. So kake sai an zo gaya maka na mutu sannan ka shigo gidana?"

Ya ce, "Ban ce ba zan yi ba. Na ce ba zan iya ba."

Ya zaro hannunsa na dama daga cikin riga ya miƙo. Wayyo Allah! Hannun rawa yake, kar-kar-kar, ba ya tsayawa. Kulu ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Ta ce tun kakar bara abin ya fara kaɗan-kaɗan, sun je asibiti a Malumfashi, ana ba shi magani, amma ya hana a gaya wa kowa. Ragon layyarsa ma maƙwabci ne ya yanka masa.

Ya ce, "Da fari fushi ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Ran Kirsimetin nan na zo ne ina cewa a raina wataƙila yankan ƙarshe ke nan da zan yi miki, sai na tarar an riga ni. Daga baya fushin ya wuce, kunya ta rage. Me zan zo in yi? Da ma wuƙar ce ke kawo ni."

Na ce, "Ji shashanci! Wuƙa na goya ko kai?"

Ya yi 'yar dariya. Na kama hannun na riƙe, ina jin rawarsa har cikin nawa. Ya ce in da za a sami mai ƙarfi ya danne masa dabbar sosai, ko motsi kada ta yi, to zai iya tattara hannun na ɗan lokaci. In kuwa ta motsa, zai wahalar da ita, kuma ba zai yarda ya wahalar da dabba ba.

Na ce, "Ni zan danne."

"Ke? Da wannan gwiwar?"

"Ka dai zo ka gani."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na bar masa akuyar na zagayo ta gadar da ke can nesa, a bayan ɗan acaɓa, don Kulu ta rantse ba zan sake shiga ruwa ba. Ban gaya wa Istifanus maganar hannun ba. Sirrin kawunsa ne, kuma ba na so in sake ɗaure yaron da wata igiyar, ko da ta tausayi ce.

Ranar suna da safe Fasto ya zo, aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Iliya, kakansa na Funtua kuma ya ƙara masa Olamide. Matasan coci suka kayar da rago. Istifanus ya ɗaga murya ya yi godiya cikin sunan Yesu, ya yanka. Na cika alkawari, amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi, kuma har zuciyata na faɗe ta. Amma idona yana kan ƙofa. Na ɗora tukunya ta biyu a murhu, ruwa yana ta tafasa ba komai a ciki, matan zumuntar coci suna kallona suna taɓa juna.

Hantsi ya ɗaga sosai, har na fara cewa a raina shi ke nan, sai na ji kukan akuya a waje, kukan da na sani. Ga Maiwada yana saukowa daga acaɓa, da farar rigarsa, akuyar a kan cinyarsa duk ta ɓata masa ita. Ya yi sallama.

Ya gaisa da Fasto, ya yi wa maijego barka, ya janyo akuyar zuwa gindin darbejiya, nesa kaɗan da inda aka yanka ragon. Matasan nan majiya ƙarfi suna tsaye, ba wanda ya motsa, kowa yana satar kallon Istifanus. Ban roƙi kowa ba. Na ɗaure zanena tamau, na durƙusa, gwiwa ta ce ƙas, na kama ƙafafun akuyar na kayar da ita. Maiwada ya warware tsumma ya fito da wuƙa. Nan kowa ya ga hannun. Wuƙar tana rawa a iska, shi kuma yana cije leɓe yana ƙoƙarin tsayar da ita.

Akuyar nan ta tattara ƙarfinta ta yi shuri ɗaya, ta same ni a ƙirji, na koma da baya na zauna daɓas. Na tashi na sake kama ta. Ta sake fizgewa. Na ce, yau ko ni ko ke. Ina cikin kokawa sai na ji hannu a kafaɗata.

"Mama, matsa."

Istifanus ne. Ban kira shi ba, ban ko dube shi ba tun shigowar kawunsa. Ya durƙusa cikin ƙasa da sabon yadinsa na suna, ya haɗa ƙafafun akuyar ya sa gwiwa ya danne, ya kama haɓarta da ɗaya hannun.

Ya ce, "Kawu, ina ne gabas ɗin daidai?"

Maiwada ya nuna da haɓa. Yaron ya gyara ta. Ko kunnenta bai ƙara motsi ba. Tsohon ya ja numfashi, ya yi bisimilla, hannun ya tsaya cak na ɗan lokacin da ake bukata, ya ja wuƙar sau ɗaya. Yankan ya yi kyau.

Da romo ya nuna na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, wurinsa na da. Na zuba masa. Cokalin yana rawa, rabi yana zuba a riga, bai damu ba, ni ma ban nuna na gani ba. Ya kurɓa, ya ɗaga kai.

"Gishiri ya yi yawa."

Na ce, "Ajiye mana in ba ka so."

Istifanus ya zo ya tsuguna gefen tabarmar, ya ce, "Kawu, ban san hannunka ba lafiya. Da wahalar nan ka taso?"

Maiwada ya ce, "Ni da na ci damo saboda uwarka, akuya ce za ta gagare ni?"

Yaron ya juyo ya dube ni baki buɗe. "Mama, ba ki ce ke kaɗai kika ci ba?"

Na ce, "Ban ce ba. Kai ne ba ka tambaya ba."

Maiwada ya suɗe kwanon tas. Da ya tashi tafiya ya ɗauko wuƙar, ya naɗe ta cikin tsummanta, maimakon ya sa aljihu sai ya miƙa wa Istifanus.

Ya ce, "Hannuna ba ya iya wasa ta yanzu. In ka ga dama ka wasa mini ita kafin Kirsimeti. In ba ka ga dama ba, ka aiko mini da abata, ba komai."

Wannan karon yana kallon idon yaron ya faɗi ba komai ɗin. Maganganu sun cika mini baki, ni da ba a raba ni da magana, amma na tsuke shi, don amsar ba tawa ba ce. Istifanus ya goge tafinsa a riga, ya karɓi wuƙar da hannu biyu.

Na koma bakin murhu. Yetunde ta leƙo ta taga ta ce, "Mama, hayaƙi ne?" Na ce mata a'a, kuka nake yi, ta bar ni in yi abina.